Ƙofar da Jini Zai Bi: Tarihin Tiyatar Tsagewar Uwar Jijiya

Gabatarwa

Duk manomin rani a fadamun Kudan da Makarfi ya san cewa samun ruwa a rafi rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne inda za a dasa bakin tiyo. In an dasa shi daidai, ruwa zai bi hanyarsa ya shayar da kowane fangali. In an kuskure, sai ya fasa kunya ya malale ta gefe, inji na ta kuka, mai na ƙonewa, tumatir kuwa na bushewa. Likitocin zuciya sun shafe fiye da shekara 60 suna fama da tambaya irin wannan. Sai dai su fangalinsu ƙwaƙwalwar ɗan Adam ce da ƙodarsa da hanjinsa, lokacin da suke da shi kuma mintoci ne ƙidayayyu.

Tambayar ita ce: idan babbar jijiyar da ke ɗauke jini daga zuciya ta tsage, aka tsayar da zuciyar domin a ɗinke ta, ta wace ƙofa za a sa bututun da zai ci gaba da kai wa jiki jini? Ni tarihi na karanta a jami'a, don haka da idon ɗalibin tarihi zan bi amsoshin da aka bayar, sannan in auna su a ma'aunin ƙasar da na tashi, wato Ikara da Makarfi da Kudan.

Ɓarauniyar Hanya

Jijiyar da ake magana a kanta likitoci na kiranta awota, ni kuwa zan kira ta uwar jijiya, domin daga gare ta jijiyoyin da ke shayar da gaɓoɓi suke tsirowa. Kaurinta ya kai na sandar rake. Tana fitowa daga zuciya ta hau sama, ta lanƙwasa kamar kan kwagiri, ta aika rassa uku zuwa kai da hannuwa, sannan ta gangara ta bayan ƙirji zuwa ciki, inda take rabuwa biyu ta nufi ƙafafu. Bangonta hawa uku ne. Idan hawan ciki ya yage, jinin da zuciya ke turowa da ƙarfi sai ya kutsa cikin bangon ya ɗaye shi, kamar yadda ruwan damina ke shiga tsakanin yaɓe da tubali. Daga nan jijiyar ta zama mai hanya biyu: ainihin hanya, da ɓarauniyar hanya wadda jini ya haƙa wa kansa.

Ɓarauniyar hanyar nan ita ce ajali. Tana iya matse ainihin hanyar ta hana jini isa ƙwaƙwalwa ko hanji ko ƙafa. Tana iya fashewa cikin jakar da ke lulluɓe da zuciya, jini ya taru ya shaƙe zuciyar har ta kasa bugawa. Ƙiyasin da aka daɗe ana koyar da likitoci shi ne, idan tsagewar ta shafi ɓangaren da ke kusa da zuciya kuma ba a yi aiki ba, cikin kowane mutum 100 ana rasa 1 zuwa 2 a kowace awa a kwana biyun farko.

Sarkin da Aka Buɗe

Da safiyar 25 ga Oktoba, 1760, Sarkin Ingila Joji na Biyu ya sha abin karin kumallonsa a fadar Kensington, ya shiga makewayi. Baransa ya ji ƙarar faɗuwa, ya tarar da shi a ƙasa, kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. A lokacin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana ɗan shekara biyar. Likitan fada, Frank Nicholls, ya buɗe gawar ya ga jakar zuciya cike da gudan jini, ya kuma ga tsaga ta kusan inci ɗaya da rabi a jikin uwar jijiya, inda jini ya shiga ƙarƙashin ɓawonta na waje. Ya rubuta abin da ya gani, rubutun nan kuma yana cikin bayanai na farko masu inganci a kan cutar. A 1819 likitan Faransa René Laennec, wanda ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji da likitoci ke ratayawa a wuya, ya raɗa wa cutar sunan da ta daɗe tana amsawa.

Sanin suna bai zama magani ba. Kusan shekara 200 bayan mutuwar sarkin, cutar ta kasance abin da ake ganowa a kan teburin binciken gawa. Dalilin a fili yake: ba a ɗinkin salka tana cike da ruwa. Sai an tsayar da zuciya kafin a taɓa gindin uwar jijiya, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashin jini fiye da 'yan mintoci.

Na'urar da Ta Ari Aikin Zuciya

Wanda ya warware wannan ƙullin shi ne John Gibbon na Amurka. Tun yana ƙaramin likita a birnin Boston ya kwana a gefen wata majinyaciya da gudan jini ya toshe wa jijiyar huhu, yana kallo har ta cika. Daga nan ya ƙudurta ƙera na'urar da za ta karɓi jini daga jiki, ta ba shi iska, ta mayar da shi. Shi da matarsa Mary sun yi kusan shekara 20 suna gwaji a kan dabbobi. Ranar 6 ga Mayu, 1953, a Philadelphia, na'urar ta riƙe ran wata budurwa 'yar shekara 18 na tsawon minti 26, har aka toshe ramin da ke cikin zuciyarta, ta tashi lafiya.

A wannan shekarar dai, wani likitan hoto a ƙasar Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya bayyana wata dabara mai sauƙi: a soka allura a jijiya, a zura siririyar waya ta cikinta, a zare allurar, sannan a bi wayar da bututu. A lokacin domin ɗaukar hoton jijiyoyi aka yi ta. Za mu sake haɗuwa da ita a gaba.

A 1954 Michael DeBakey da abokan aikinsa Denton Cooley da Oscar Creech, a birnin Houston, suka yi nasarar gyara tsagewar ɓangaren uwar jijiya da ke gangarawa ta bayan ƙirji. DeBakey ɗan Kwarori ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka. Mahaifiyarsa ce ta koya masa ɗinki, kuma a kan keken ɗinkin matarsa ya fara ɗinka jijiyar roba da yadin Dacron. A 1963 George Morris, shi ma a Houston, ya gyara sabuwar tsagewa a ɓangaren da ke kusa da zuciya. A 1970 likitocin jami'ar Stanford suka kasa cutar gida biyu: wadda ta taɓa ɓangaren da ke hawa daga zuciya, mai buƙatar tiyata nan take, da wadda ba ta taɓa shi ba, wadda sau da yawa ake fara lallaɓa ta da maganin saukar da jini.

Ƙofar Cinya

A aikin zuciya na yau da kullum, likitoci sun saba dasa bututun mayar da jini a jikin uwar jijiya kanta. To, ina za a dasa shi alhali ita ce ta yage? Amsar farko, wadda ta yi mulki shekaru da dama, ita ce jijiyar gindin cinya. Tana kusa da fata, tana da faɗi, ana isa gare ta cikin 'yan mintoci tun ba a buɗe ƙirji ba. Ga mutumin da zuciyarsa ke gab da tsayawa, wannan saurin shi ne bambanci tsakanin ɗakin farfaɗowa da makara.

Amma jinin da aka tura ta cinya baya-baya yake tafiya, daga ƙasa zuwa sama, saɓanin yadda aka halicci jiki. Tsagewar kuma sau da yawa tana da wasu ramuka a ƙasa. Sai jinin ya sami ɗaya daga cikinsu ya faɗa ɓarauniyar hanya, ya kumbura ta, ta matse ainihin hanyar ta toshe bakin jijiyoyin kai. Na'ura tana aiki lafiya lau, ma'auni na nuna jini na gudana, ƙwaƙwalwa kuwa tana mutuwa. Haka kuma a jikin tsofaffi, jinin da ke hawa yakan kwaso dattin kitse da ya daskare a bangon jijiya ya kai shi kai, majinyaci ya farka da shanyewar ɓarin jiki. An gyara jijiya, an rasa mutum.

Kafin a sami wata ƙofar, sai aka nemi taimakon sanyi. A 1975 Randall Griepp ya nuna cewa idan aka sanyaya jiki sosai, zuwa wajen digiri 18 a ma'aunin Salshiyas, ƙwaƙwalwa na rage buƙatarta ta iska, har a iya tsayar da na'urar gaba ɗaya na kusan rabin awa a yi ɗinki a wuri busasshe. Wannan ya ba likita damar leƙa cikin lanƙwasar jijiya da idonsa. Sai dai agogo ne ke mulki a ɗakin, kowane minti da ya ƙaru a kan rabin awar nan daga ƙwaƙwalwar majinyaci ake ciro shi.

Ƙofar Hammata

A 1995 Joseph Sabik da abokan aikinsa a asibitin Cleveland Clinic suka wallafa sakamakon amfani da jijiyar hammata, wadda ake isa gare ta ta ƙarƙashin ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa. Hikimar tana cikin tsarin halitta. Jijiyar hannun dama da jijiyar wuya ta dama daga reshe ɗaya suka fito. Jinin da aka tura ta hammatar dama yakan bi jiki ta fuskar da ya saba bi, kuma idan aka tsayar da gudanarsa zuwa sauran jiki domin ɗinki, ana iya matse gindin reshen a bar shi yana hawa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan ya dace da aikin Teruhisa Kazui na Japan, wanda ya yi fice wajen shayar da ƙwaƙwalwa ita kaɗai yayin da sauran jiki ke hutawa. Da haka aka rage dogaro da matsanancin sanyi, aka kuma sami ƙarin lokaci.

Kowane allazi da nasa amanu. Jijiyar hammata tana da zurfi, bangonta ba shi da ƙwari, kuma tana kewaye da jijiyoyin da ke motsa hannu. Likitoci da yawa sukan fara ɗinka mata gajeren bututun roba mai faɗin milimita 8 kafin su haɗa na'ura, wannan kuwa yana cin lokaci. A jikin mai ƙiba aikin ya fi wuya. Wani lokaci ma tsagewar ta riga ta shiga reshen, ƙofar ta rufe tun ba a ƙwanƙwasa ba.

Komawa Bakin Rami

Daga ƙarshen shekarun 1990, wasu likitoci a Italiya da Jamus da Japan suka yi abin da magabatansu ke ɗauka ganganci ne: suka dasa bututun a jikin tsagaggiyar jijiyar kanta. Abin da ya ba su wannan ƙarfin hali shi ne na'urar hoto mai amfani da sauti, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, wadda ake zura kanta ta maƙogwaro ko a ɗora shi a kan jijiyar, ta nuna ainihin hanya da ɓarauniya filla-filla. Sai a ɗauko dabarar Seldinger ta 1953, a soka allura, a ga wayar da ido tana cikin ainihin hanya, sannan a bi ta da bututu. Wasu a Japan suka bi ta ƙarshen zuciya, suka zura bututun ta cikinta har ya fito a bakin uwar jijiya. A Jamus kuma Paul Urbanski ya bayyana amfani da jijiyar wuya a 2006.

Har yau babu ƙofar da ta kori sauran. Ƙwararren likita yakan duba hoton majinyaci ya ga inda tsagewar ta kai, ya duba ko jininsa ya tsaya daram ko yana zubewa, sannan ya zaɓa. Wani lokaci ya buɗe ƙofa biyu, cinya da hammata tare. In ya ga alamar jini ya ɓace hanya, ya sauya nan take. Abin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi shi ne, kowace sabuwar ƙofa daga lissafin waɗanda tsohuwar ta kasa ceto ta fito. An ƙidaya su, an buɗe su, an rubuta. A 1996 aka kafa rajistar ƙasa da ƙasa ta masu wannan cuta, rahotonta na 2000 a kan mutum 464 ya nuna cewa cikin masu tsagewar kusa da zuciya, kashi 26 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata sun rasu a asibiti, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 58. Rahoton ya kuma nuna fiye da kashi 70 na majinyatan suna da hawan jini tun da farko.

DeBakey da kansa ya ɗanɗana. A ranar ƙarshe ta 2005, yana da shekara 97, uwar jijiyarsa ta tsage. A Fabrairun 2006 likitocin da ya horar suka yi masa aikin da shi ya share wa hanya, ya warke, ya rayu har Yulin 2008.

Tarihin a Ƙasarmu

Ƙasar Hausa ta daɗe da masu aiki da aska. Wanzami yana ƙaho da tsaga da sakiya da kaciya, maɗori yana ɗora karaya. Amma aikinsu a bayan fata da gaɓoɓi ya tsaya, ƙirji rufaffen ɗaki ne. Asibitin zamani ya zo Zazzau a hankali: na mishan a Wusasa, wanda garinsa ya fitar da Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, sai Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da asibitin koyarwarta, wanda ya koma mazauninsa na Shika a 2005. A Nijeriya baki ɗaya, an fara buɗe zuciya da taimakon na'ura ranar 1 ga Fabrairu, 1974, a asibitin koyarwa na Inugu, ƙarƙashin Farfesa Fabian Udekwu tare da Magdi Yacoub, ɗan Masar mazaunin Ingila. Shekara 21 kacal ke nan bayan Gibbon. Sai dai aikin ya riƙa tafiya yana tsayawa, domin yana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'ajiyar jini, da kayan da ake sayowa da kuɗin waje, da ayarin ma'aikata da suka saba da juna.

A 1996, da aka gano matsala a murfin bakin uwar jijiyar Nwankwo Kanu, watanni kaɗan bayan ya ciyo wa Nijeriya zinare a Atlanta, Cleveland aka kai shi, garin da aka bayyana ƙofar hammata shekara guda kafin nan. Cutar Kanu ta ba shi lokacin neman biza da hawa jirgi. Tsagewar uwar jijiya ba ta ba da wannan lokacin.

Mu ɗauki manomin rake a Gubuchi, ko mai sayar da hatsi a Paki, ko dattijuwa a Likoro. Ciwo ya soke shi a ƙirji farat ɗaya, kamar ana yaga shi, ya ratsa zuwa tsakanin kafaɗu. Abu na farko da za a ce shi ne olsa ce, a jiƙa kanwa ko a aika kemis. In ya suma ko ƙafa ta mutu, wani ya ce jifa ne. In an yanke shawarar asibiti, sai neman mota da kuɗin mai, sai babban asibitin ƙaramar hukuma, sai takardar turawa, sai hanyar Tashar Yari ko ta Hunkuyi zuwa Zariya, sai layin ɗaukar hoto da kuɗinsa. A kowane zango agogon nan na mutum 1 zuwa 2 a awa yana tafiya. Akwai kuma haɗarin a ɗauki ciwon a matsayin bugun zuciya a ba da maganin tsinka jini, wanda a wannan cutar ƙara wa wuta fetur ne. In ya cika a hanya, a juyo da mota, a yi masa sutura kafin la'asar, a ce mutuwar fuju'a ce. Gaggauta jana'iza haƙƙin mamaci ne a addininmu, ba na jayayya da shi. Amma sakamakonsa ga tarihi shi ne, Sarki Joji ya bar rubutu, manomin Gubuchi bai bar ko layi ɗaya ba.

Ƙofar da Ke Hannunmu

Yankinmu ya taɓa ganin yadda ake tarar cuta tun daga nesa. A ƙarshen shekarun 1930 da cikin 1940, da ciwon barci ya addabi ƙasar Anchau, maƙwabciyar Ikara, an sare kurmin bakin rafuka inda ƙudan tsando ke zama, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Aikin mulkin mallaka ne, da tilas a cikinsa, amma ya nuna cewa ana iya karya lagon cuta tun kafin ta kwantar da mutum.

Ƙudan tsandon tsagewar uwar jijiya shi ne hawan jini, wanda bincike ke nuna yana tare da kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya, da yawansu ba su ma sani ba. Abin auna shi ya girmi na'urorin tiyatar da na ambata: Scipione Riva-Rocci na Italiya ya fito da shi a 1896, Nikolai Korotkoff na Rasha ya ƙara masa dabarar sauraro a 1905. Tun 1965 kuma Myron Wheat ya nuna cewa saukar da ƙarfin bugun jini da magani yana rage ci gaban tsagewar. Ke nan ko majinyacin da za a tura Zariya yana da abin da za a yi masa kafin mota ta tashi: a kashe zafin ciwo, a lafar da bugun zuciya da hawan jini, a auna hannu biyu a ga ko sun bambanta, a rubuta zargin cutar ƙarara a takarda, a buga waya gaba. Kwalejin koyon aikin lafiya ta Shehu Idris tana nan a Makarfi, ɗalibanta ne ke zaune a ɗakunan shan magani na ƙauyukanmu. Su ne farkon wanda zai ji kalmar "kamar ana yaga ni".

Kammalawa

Daga 1760 zuwa yau, an ɗauki kusan ƙarni biyu kafin a iya taɓa cutar, aka kuma ɗauki wasu shekaru 60 ana muhawara a kan cinya da hammata da wuya da ƙarshen zuciya. Muhawara ce mai daraja, ina kuma fatan ganin ranar da likitocin Shika za su riƙa yin ta a kan majinyatanmu da tsakar dare, da kayan aiki a hannu. Amma duk ƙofofin nan suna bayan wata ƙofa guda, wato mutum ya iso teburin tiyata da ransa. Wannan kuwa a kasuwar Makarfi take buɗewa, ranar da dillalin rake zai miƙa hannu a auna jininsa, da kuma a ɗakin shan magani na Hunkuyi, ranar da ma'aikaciya za ta ji ciwon ƙirji mai ratsa baya ta ƙi kiransa olsa. Idan muka fara rubuta abin da ke kashe mutanenmu, kamar yadda Nicholls ya rubuta na sarkinsa, to babi na gaba na wannan tarihi zai ƙunshi sunan Ikara da Makarfi da Kudan.